Tsakanin Balan-balan da Ɗakin Haihuwa: Ra'ayi Kan Iskar da Ake Kira ta Dariya

Gabatarwa

Wata rana da la'asar sakaliya muna zaune a wani zaure da ke bayan kasuwar Nima, a birnin Akra wanda tsofaffinmu suke kira Ankara, ana zagaya kofin ataya, sai hira ta gangaro kan asibiti. Wani magidanci da matarsa ke da tsohon ciki ya dube ni ya ce, "Malam, na ji an ce akwai asibitocin da ke ba mace iska ta shaƙa idan tana naƙuda, kuma wai ita ce dai iskar da yara ke sha a balan-balan suna tangaɗi. Wallahi in aka kawo wa iyalina wannan abu, da kaina zan fizge shi." Kusan duk zauren ya gyaɗa kai. Wani dattijo ya ƙara da cewa iyayenmu mata sun haife mu ba da iska ba, ba da allura ba, kuma ba su mutu ba.

Maganar nan ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya, domin mutumin ya faɗi gaskiya rabi. Iskar ɗaya ce, wannan ba shakka. Masana kimiyya suna kiranta naitros oksaid, jama'a kuma suna ce mata iskar dariya. Inda ya kauce shi ne zaton da ya yi cewa tun da abu ɗaya ne, hukuncinsa ɗaya ne. Ra'ayina a wannan rubutu shi ne, tsoron da muke yi wa balan-balan tsoro ne na hankali, amma idan muka bar shi ya bi mu har ƙofar ɗakin haihuwa, to matanmu ne za su biya bashin da ba su ci ba. Kuma ina ganin wani kaso na wannan ruɗani daga harshe ya taso, abin da ya sa maganar ta shafe mu mu ɗaliban Hausa kai tsaye.

Yadda sunan ya samu

A shekarar 1772 wani masani Bature mai suna Joseph Priestley ya gano wannan iska a Ingila. A 1799 wani matashi, Humphry Davy, ya riƙa shaƙarta yana kuma ba abokansa a garin Bristol, ya lura tana sa mutum nishaɗi da ƙyalƙyala dariya, ya kuma lura tana kwantar da ciwo. A littafin da ya fitar a 1800 ya ba da shawarar a gwada ta wajen aikin tiyata. Ba wanda ya saurare shi. Fiye da shekara 40 aka yi ana yawo da iskar a dandalin wasa da gidajen masu hali, ana ba mutane su shaƙa don 'yan kallo su yi dariya, alhali a asibitocin wancan zamani ana yanke ƙafar mutum idonsa biyu, ƙarti na danne da shi.

Sai ranar 10 ga Disamba, 1844, a garin Hartford na Amurka, wani likitan haƙori mai suna Horace Wells ya je kallon irin wannan wasa. Ya ga wani ya shaƙa, ya buge ƙafarsa har ya ji rauni, amma bai nuna alamar jin zafi ba. Washegari Wells ya sa aka ba shi iskar, aka cire masa haƙori. Daga nan ne tarihin iskar a matsayin magani ya soma, ko da yake gwajin da ya yi a gaban ɗaliban likita a Boston a farkon 1845 bai yi armashi ba, domin wanda ake cire wa haƙorin ya yi ƙara, aka yi wa Wells ihu.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, wasa ne ya riga magani, kuma sunan wasan ne ya bi iskar har yau. Mu ma da muka tashi fassarawa, sunan wasan muka ɗauko. Yaron da ya ji an ce "iskar dariya" ba zai kawo gurguncewa a ransa ba. Magidancin da ya ji an ce za a ba matarsa "iskar dariya" a lokacin da take tsakanin rai da mutuwa, dole ya ga kamar raini ne. Suna ɗaya ya yaudari mutum biyu, ya ja wancan zuwa ga abin da zai cuce shi, ya kori wannan daga abin da zai amfane shi.

Alhali Hausa ba ta rasa kalmar da ta dace ba. Muna da "banju", wadda muka aro daga Larabci, ma'anarta maganin da ake ba mutum don kada ya ji zafin aiki. Muna da "kashe zafi" da "sa barci". Muna kuma rarrabe ciwo daki-daki: akwai zogi, akwai raɗaɗi, akwai suka, akwai murɗa, kuma naƙuda ita kaɗai aka ba ta sunanta. Harshen da ya iya wannan rarrabewa bai kamata ya gaza raba magani da abin maye ba. Ni dai da za a bi tawa, a bakin ungozoma da likita da mai fassara, "iskar banju" ko "iskar rage zafi" za a riƙa cewa, a bar wa balan-balan sunan dariya.

Abin da ya mayar da ita magani

Iskar da muke shaƙa yau da kullum tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin ɗari, kuma da wannan kason ne jini ke ciyar da ƙwaƙwalwa. Naitros oksaid zallarta ba ta ba jiki oksijin ko kaɗan. Wanda ya cika huhunsa da ita tsantsa, ya hana kansa numfashi ne ba tare da ya ji an shaƙe masa wuya ba. Likitocin farko haka suke ba da ita, har fuskar majiyyaci ta sauya launi, sannan su yi sauri su gama aiki. A 1868 wani likita a Chicago, Edmund Andrews, ya nuna cewa a gauraya ta da oksijin. A 1881 Stanislav Klikovich ya yi amfani da irin wannan gauraye ga mata masu naƙuda a Rasha. A 1961 kuma wani likitan Birtaniya, Michael Tunstall, ya fito da hanyar zuba su biyun a tukunya ɗaya, rabi da rabi, wadda aka sani da sunan Entonox. Ke nan macen da ke shaƙar wannan gauraye tana samun oksijin kashi 50 cikin ɗari, fiye da ninki biyu na abin da ke cikin iskar tsakar gidanta.

Daɗin daɗawa, a ɗakin haihuwa mai naƙuda ce ke riƙe da takunkumin da hannunta, ba ungozoma ba, ba miji ba, ba uwa ba. An ƙera bakin na'urar yadda iska ba ta fita sai an ja numfashi. Idan ta ji marar ta fara ɗaurewa sai ta soma shaƙa, cikin abin da bai wuce minti ɗaya ba maganin ya kama, idan ciwon ya lafa ta sauke. In kuwa ta sha har jiri ya fara ɗibarta, hannunta da kansa zai saki takunkumin, ta koma shaƙar iskar ɗaki, cikin 'yan mintoci ta wartsake. Jiki ba ya sarrafa wannan iska kamar yadda hanta ke sarrafa ƙwaya, ta huhu take shiga, ta huhu take fita. Shi ya sa duk mai ƙaunar mace ya riƙe mata takunkumin don tausayi, ya cire mata kariyar da aka gina cikin tsarin.

A ɗakin tiyata kuwa lissafin ya ɗan bambanta. Iskar ba ta da ƙarfin da za ta sa mutum barcin da za a yanka shi ita kaɗai, don haka likitan banju yana haɗa ta da wasu magunguna. Na'urorin zamani an yi su ne yadda ba za su yarda a buɗe ta ba tare da oksijin ba, kuma bakin kowace tukunya yana da ramukan da ba sa shiga mazaunin wata, don kada a yi musanya cikin kuskure. Idan an gama aiki, akan ba majiyyaci oksijin zalla na 'yan mintoci, saboda lokacin da iskar ke fitowa daga jini da yawa takan cika huhu ta rage wa oksijin wuri. Ana kuma maƙala masa wata 'yar na'ura a yatsa mai nuna yawan oksijin da ke jininsa a kowane lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan iska a jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, kuma da waɗannan sharuɗɗa ne ta cancanci shiga jerin.

Inda haɗarin yake

Zuma ga zaƙi ga harbi. Ko a hannun likita, akwai wanda ba a ba shi wannan iska. Tana kutsawa cikin duk wani gurbi na jiki da iska ta maƙale a ciki, ta kumbura shi, domin ta fi iskar naitrojin saurin narkewa a jini har kusan sau 34. Saboda haka ba a ba wanda iska ta taru tsakanin huhunsa da bangon ƙirjinsa, kamar yadda kan faru ga wanda ya karye a haƙarƙari a haɗarin mota ko babur. Ba a ba mai toshewar hanji, ko wanda aka yi wa aikin cikin kunne, ko wanda aka sa wa iska a ido wajen aikin ido bai daɗe ba.

Haɗari na biyu shi ne ya fi shafar samarinmu. Iskar tana lalata aikin bitamin B12 a jiki, shi kuwa wannan bitamin da shi ake gina rigar da ke lulluɓe jijiyoyi da laka, da shi kuma ɓargo ke ƙera jini. Shaƙa ta awa kaɗan a ɗakin haihuwa ba ta cika yi wa mai lafiya illa ta wannan fuska ba. Amma mai sha yau da gobe, sai ya fara jin tafin ƙafarsa da yatsunsa kamar ana tsira masa allura, daga nan su mutu, tafiya ta koma tangal-tangal, wani har ya kasa miƙewa ko ya kasa riƙe fitsari. Tun a 1978 wani likitan jijiya a Amurka, Robert Layzer, ya bayyana wannan cuta a jikin mutanen da suka daɗe suna shaƙar iskar, akasarinsu likitocin haƙori ne. Wanda ya daina da wuri aka yi masa allurar bitamin ɗin yana iya warkewa, wanda ya yi jinkiri kuwa wani lahanin ba ya gyaruwa. Masu cewa za su riƙa haɗiyar ƙwayar bitamin suna ci gaba da shan balan-balan, kansu suke yaudara, domin iskar tana kashe aikin sabon bitamin kamar yadda ta kashe na tsohon. Ga kuma tsananin sanyin da iskar ke fitowa da shi daga tukunya, wanda kan ƙone leɓe da maƙogwaro da cinya kamar wuta.

Nan ne ma ya wajaba mu tuna da masu amosanin jini, wato sikila. A Gana kusan jarirai 2 cikin kowane 100 da ita ake haihuwarsu, kuma babu layin da za ka bi a Nima ko Mamobi ka rasa gidan da ya san zafin wannan ciwo. A wasu ƙasashe ana ba su wannan iska idan ciwon ya tashi, kafin magani mai ƙarfi ya kama. Amma da yake ciwon yana dawowa a kai a kai, yawan maimaita ta yana iya jefa su cikin matsalar bitamin ɗin nan. Wanda aka ba a asibiti ya ji sauƙi, kada ya ce zai saya ya ajiye a ɗaki.

A shekarar 2023 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Gana ta fitar da gargaɗi kan yadda ake shan wannan iska a gidajen rawa da wuraren shagali, ƙungiyar likitocin banju ta ƙasar ita ma ta ja kunne. A shekarar ce hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Nijeriya ta ba da umarnin farautar masu sayar da ita don maye, Birtaniya kuma ta haramta mallakarta don wannan manufa a watan Nuwamba. Ba a Zango wannan ɗabi'a ta samo asali ba, amma babu katanga tsakanin Nima da Osu, kuma duk wanda ya ga abin da tiramadol ya yi wa matasan unguwanninmu a 'yan shekarun baya ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Dauriya da haƙƙin mai naƙuda

Yanzu bari mu koma ga maganar dattijon zaure, wanda ya ce iyayenmu sun haihu ba da iska ba. Gaskiya ne, kuma al'adarmu ta girmama dauriya ƙwarai. Yarinyar da ta je goyon ciki gidan iyayenta, tun kafin ranar ake ja mata kunne cewa kada a ji muryarta, kuka a haihuwar fari abin gori ne har ɗan ya girma. Ban raina wannan tarbiyya ba, domin ta fitar da mata masu ƙarfin zuciya. Sai dai mu tambayi kanmu, shirun da suka yi shaida ce ta cewa ba su ji zafi ba, ko shaida ce ta cewa ba su da wanda za su gaya wa? Na taɓa raka wata ƙanwata wani asibiti cikin dare, ina daga waje ina jin wata ma'aikaciya tana daka mata tsawa wai ta rufe wa mutane baki, ai ba ita ce ta fara haihuwa ba. Har gari ya waye ba wanda ya tambaye ta ko tana son wani abu da zai rage mata azaba. Da ta fito ba ta yi ƙorafi ba, a ganinta haka haihuwa take. Haihuwarta ta biyu a gida ta yi, ta ce in dai wahala ce gara ta sha a ɗakinta.

Wannan shi ne abin da ke cikin maganar. Tun 2008 gwamnatin Gana ta shigo da tsarin kula da masu ciki kyauta a ƙarƙashin inshorar lafiya ta ƙasa, don mata su riƙa haihuwa a hannun ƙwararru. Mu a Nima da Mamobi ba mu da uzurin nisa: Babban Asibitin Mamobi na cikin unguwa, Asibitin Soja na 37 na maƙwabtaka da mu, ga Ridge, ga Korle Bu da ke aiki tun 1923. Amma macen da ta je ta tarar da tsawa maimakon sauƙi, kyauta ba za ta mayar da ita ba, kuma ranar da jini ya ɓalle mata a gida, nisan da ba shi da yawa sai ya zama mai yawa. Rage zafin naƙuda yana cikin abubuwan da ke sa mace ta sake amincewa da asibiti.

Ta fuskar addini ma malamai ba su bar mu cikin duhu ba. Tun da daɗewa malaman fiƙihu suka bambanta gusar da hankali don nishaɗi da gusar da jin zafi don magani, suka hana na farko, suka halatta na biyu gwargwadon bukata. Mai naƙudar da ke shaƙar gaurayen nan ma hankalinta ba ya gushewa, tana ji, tana amsawa, tana ambaton Allah.

Abin da masu ja za su ce

Akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na banza ba ne. Za su ce iskar ba ta kashe ciwon duka, wasu matan ma tana sa su jiri da tashin zuciya har su ajiye ta. Haka ne, allurar da ake yi a gadon baya ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma allurar baya sai da ƙwararren mai ba da banju a kusa, su kuwa ba su wadata ba, kuma ɗakin tiyata ya fi bukatarsu. Iskar nan ungozomar da aka horar tana iya kula da ita, na'urarta ba ta bukatar lantarki, abin da duk wanda ya rayu a zamanin dumso zai san darajarsa.

Za su ce tana gurɓata sararin sama. Wannan ma gaskiya ne: tana riƙe zafi fiye da iskar kabon sau 270 da wani abu, tana kuma daɗewa a sama fiye da shekara 100. Shi ya sa asibitoci da dama a Turai suke rufe bututan da ke kai ta ɗakunan tiyata, bayan an gano yawancinta a hanya take zurarewa kafin ta kai ga majiyyaci. A ɗakin tiyata, inda ake da madadi, ban ga laifin rage ta ba. Amma mafi yawan wannan iska da ayyukan ɗan Adam ke turawa sama daga gonaki da takin zamani take fitowa, don haka ba daga kan mai naƙudar Mamobi ya kamata a fara tsimi ba.

Za su kuma ce idan tukwane suka yawaita a asibiti, wasu za su sulale zuwa kasuwa. Maganin wannan shi ne kulle da rajista da ƙidaya, kamar yadda ake yi wa sauran magunguna masu haɗari. Ba a taɓa rufe kantin magani don ana satar ƙwaya ba. Haka kuma dole ɗakin da ake amfani da ita ya zama mai shan iska, saboda ungozomar da ke wuni a ciki kullum ita ma tana da haƙƙi.

Kammalawa

Abin da nake kira gare shi ba shi da yawa. Mai ciki ta yi tambaya tun a wajen awo: wace hanya ce kuke da ita ta rage zafin naƙuda, kuma wacce ta dace da ni? Ba a fafe gora ranar tafiya. Miji ya raka ta ya ji da kunnensa, maimakon ya yanke hukunci a zaure. Saurayin da ya san yana shan balan-balan, in za a yi masa aiki ko ya fara jin ƙafarsa na mutuwa, ya gaya wa likita gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Limamanmu da masu shirye-shiryen Hausa a gidajen rediyo irin su Marhaba, idan za su yi gargaɗi, su faɗi duka biyun a zama ɗaya, kada su tsoratar da mutane daga balan-balan ta hanyar da za ta tsoratar da su daga asibiti.

Mu kuma ɗaliban Hausa, wata rana a cikinmu ne za a sami mai tsayawa tsakanin likitan da ba ya jin Hausa da tsohuwar da ba ta jin Turanci ko Tuwi, ko mai rubuta takardar wayar da kai da za a manna a bangon asibiti. Kalmar da ya zaɓa a ranar ita za ta sa a karɓi magani ko a ture shi. Shi magidancin zauren nan, da na yi masa wannan bayani, ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce, "To Malam, ai da tun farko banju aka ce mini, da ban yi musu ba." Allah Ya sauki matanmu lafiya, Ya shirya mana zuriya.